"Charge": Kalma Ɗaya, Kaya Iri-Iri

Ran wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina tsaye a ƙofar majami'a muna gaisawa da jama'a, sai wata tsohuwa daga cikin zumuntar mata ta jawo ni gefe. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata takarda da ta sha ninki, ta ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini wannan. An ce kotu ta sallami yaron nan, har muka zo muka yi godiya a gaban ikkilisiya. Ga shi jiya an sāke zuwa an tafi da shi. Ashe kotu takan sallami mutum ta kuma ce ya dawo?"

Na karɓi takardar na karanta. An rubuta cewa an kori ƙarar domin masu gabatar da ita sun kāsa kawo shaidu, kalmar da aka rubuta a kan yaron kuwa ita ce "discharged". Na nemi wadda takan biyo bayanta in an wanke mutum sarai, wato "acquitted", ban gan ta ba. Na ce, "Mama, ba a wanke shi ba tukuna. Kayan ne aka sauke daga kansa aka ajiye a gefe. Wanda ya ɗora masa da fari yana da iko ya sāke ɗora masa." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, don me ba wanda ya faɗa mana haka?"

Tambayar Mama ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kalmar "charge" ta Turanci tana biye da mu duk inda muka sa ƙafa: a banki, a asibiti, a kotu, a bariki, a cikin aljihunmu inda waya take, har a taron majalisar ikkilisiya. Hausa ma ta riga ta ɗauke ta. Muna cewa caji ofis, cajin waya, caja, "ya caje ni kuɗi da yawa", "kaina ya ɗau caji", "yaron nan ya caza mini kai". Har mun ƙara mata aikin da ba ta yi a Turanci, gama in muka ce an caje aljihun mutum, Bature wata kalma dabam yake amfani da ita, wato "search". Amma sabo da kalma ba saninta ba ne. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar da ma'anoninta jere bi da bi har su gajishe shi. Duk da haka ba sai an haddace su ba, domin zare ɗaya ne ya ɗinke su duka.

Asalinta keken kaya ne

Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, mutanen ƙasar Gal, wadda yau muke kira Faransa, sun gwanance wajen ƙera keken kaya, irin amalanken da shanu ke ja. Romawa suka ari sunan keken, suka kira shi "carrus". Yuliyas Kaisar ya yi amfani da kalmar sa'ad da yake ba da labarin wata kabila da ta kwashe kayanta a kekuna ta yi ƙaura a shekara ta 58 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya masu jin Latin suka ƙago kalmar aiki daga sunan, "carricare", wato a lafta wa keke kaya. A bakin Faransawa ta zama "charger".

A 1066 Wilyam, sarkin yaƙin Normandi, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Ingilishi kuwa ya koma harshen talaka. Ta wannan ƙofa kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 13, ma'anarta ta fari kuwa kaya ne, ko nauyi. Akwai wani abu a tarihin nan da ya tuna mini da Mama. A 1362, zamanin Sarki Edwad na Uku, majalisar Ingila ta yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Dalilin da dokar ta bayar shi ne, masu ƙara da waɗanda ake ƙara ba su san abin da ake faɗa a kansu ko dominsu a gaban alƙali ba. Ashe Turawa ma sun taɓa tsayawa a kotun ƙasarsu suna kallon bakin lauya kamar yadda tsofaffinmu suke yi yau.

Keken nan ya haifi 'ya'ya da yawa. Daga gare shi aka samo "car" wato mota, da "carry" wato ɗauka, da "cargo" wato kayan jirgi, da "career" wadda da fari hanyar gudun keke ce kafin ta zama hanyar aikin mutum. Zanen barkwanci na jarida da ake kira "caricature" ma ɗan gidan ne, gama hoto ne da aka lafta wa hanci ko kunne fiye da kima. Har karusa, wadda muke karantawa a labarin Fir'auna da na Iliya, daga zuriyar take. Ta biyo ta Italiyanci da Larabci ta iso Hausa.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin muna da kalma mai irin wannan hali, wato "ɗora". Ana ɗora wa jaki kaya, a ɗora wa talaka haraji, a ɗora wa bawan Allah laifi, a ɗora wa babban ɗa nauyin gida. Duk inda ka ga "charge", sa "ɗora" a wurin, sa'an nan ka yi tambaya: me aka ɗora, wa ya ɗora, a kan wa? In ka ga "discharge" kuwa, sauke kaya ne. Sai ka tambaya: me aka sauke, an kuma zubar da shi ne ko ajiyewa aka yi?

Kayan da ake ɗora wa aljihu

Ma'anar da aka fi sani ita ce ta kuɗi. Makaniki ya gyara babur ya yi cajinsa, tela ya ɗinka riga ya faɗi nasa. "Free of charge" kyauta ke nan, ba a ɗora maka kome ba. "Service charge" ladan hidima ne da ake ƙarawa a kan ainihin kuɗin abu, kamar a otel ko gidan haya. "Surcharge" ƙari ne a kan ƙari, sau da yawa tara ce. Ma'aikacin gwamnati da ya ga kalmar nan a takardar da mai binciken kuɗi ya aiko masa, ya sani za a cire asarar daga albashinsa ne. "Overcharge" kuwa shi ne a ɗora maka fiye da abin da ya wajaba.

Masu ajiya a banki sun san ɗan abin da ake tsakura kowane wata. Ba bankin ne yake yanka wa kansa yadda ya ga dama ba. Babban Bankin Nijeriya yana fitar da jadawalin abin da aka yarda a caji mai ajiya. Dā akwai kamasho da ake kira COT, naira 5 a kan kowace naira 1,000 da ta fita daga asusun kasuwanci. Daga 2013 aka yi ta rage shi shekara-shekara har aka soke shi a 2016, aka maye gurbinsa da kuɗin kula da asusu wanda aka ƙayyade a lokacin kada ya wuce naira 1 a kan kowace 1,000. A shekarar nan ta 2016 ce kuma hukumar kula da wutar lantarki ta soke "fixed charge", kuɗin nan da ake biya kowane wata ko an ga wuta ko ba a gani ba. Ma'ajin ikkilisiya da na ƙungiyar adashi ya kamata su saba da karanta takardar bayanin asusu layi-layi. In an ga cajin da ba a gane ba, a rubuta wa bankin a nemi bayani, in bai gamsar ba akwai sashen kare masu ajiya a Babban Banki.

Amma ga inda rami yake. A cikin takardar rance, kalmar nan takan juya ta zama wani abu dabam. In aka rubuta cewa banki yana da "charge" a kan gidanka ko gonarka ko injin niƙanka, ba maganar ɗan kuɗin hidima ake yi ba. Jingina ke nan. An ɗora bashin a kan kadarar, in ba a biya ba mai bin bashi yana da hanyar da zai bi a sayar da ita. Abin yana da nauyi har Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallakar fili ta gwamnatin jiha ba zai jinginar da filin ba sai da yardar gwamna. Magidanta da yawa sun ba ƙane ko suruki aron takardar gida "don a nuna wa banki kawai", suka sa hannu a inda aka nuna musu, ba su san sun ɗora wa ɗakin kwanan 'ya'yansu bashin wani ba. Kada kunya ta hana ka cewa, "Bari in kai a karanta mini tukuna." Matambayi ba ya ɓata.

Kayan da ake ɗora wa mutum a gaban shari'a

A nan kalmar take da kaifi. Caji ofis ya samo sunansa daga ɗakin da ake rubuta laifin da ake zargin mutum da shi. A bakin shari'a "charge" tuhuma ce: hukuma ta ɗora maka laifi a rubuce, ta faɗi abin da ta ce ka yi, da rana, da wuri, da sashen dokar da ta ce ka karya. Takarda ɗaya tana iya ɗaukar tuhuma uku ko goma, kowace da lambarta.

Abu na fari da ya kamata kowane gida ya riƙe shi ne, tuhuma ba hukunci ba ce. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne sai an tabbatar da laifinsa. Wanda ya ɗora kayan shi zai kawo hujja. Mu kuwa da zarar mun ji an caji ɗan wane a kotu, sai mu gama yanke masa hukunci a bakin rijiya, uwarsa ta kāsa ɗaga kai a cikin taro. Wannan ba daidai ba ne a gaban doka, ba kuwa daidai ba ne tsakanin 'yan'uwa.

Tsarin Mulkin ya kuma yi maganar harshe ƙarara. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama, a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, ban da mai laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 36 ya ƙara da cewa a bayyana masa tuhumar dalla-dalla da harshen da yake ji, in kuma ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta kyauta. Saboda haka wanda aka karanta wa tuhuma da Turanci aka ce ya amsa, yana da iko ya ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba, a faɗa mini da Hausa." Ba rashin kunya ba ne, hakkinsa ne. Gara a yi maka dariyar rashin Turanci da ka gyaɗa kai ga abin da ba ka sani ba.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi ma suka yi irin tasu, ta hana a kama wani a madadin wani, wato uba domin ɗansa ko mace domin mijinta. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne bisa ga doka, wato "free of charge". Ga ma'ana biyu sun haɗu a ɗaki guda: an ɗora maka tuhuma, amma ba a yarda a ɗora maka kuɗi ba.

Akwai kuma abin da lauyoyi ke kira "holding charge". Shi ne a kai mutum gaban majistare da babban laifin da kotun ba ta da ikon saurara, a tura shi gidan yari ya jira shawarar ma'aikatar shari'a. Jiran nan yakan zama watanni, wani lokaci shekaru. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Masu ziyarar kurkuku daga ikkilisiyoyinmu, ban da abinci da sabulu da addu'a, za su yi babban taimako in suka tambayi ɗaurarre wace kotu ce ta turo shi da ranar da aka ce ya koma, su kai maganar ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa halin ɗaukar lauya.

Mu komo ga takardar Mama. In kotu ta saurari shari'a har ƙarshe ta ga ba a tabbatar da laifi ba, sai ta ce "discharged and acquitted", an sallame shi an kuma wanke shi. Tsarin Mulki ya hana a sāke gurfanar da wannan mutum a kan laifin nan, sai dai da umarnin kotun da ke sama. Amma in an kori ƙarar ne domin shaidu ba su zo ba, ko babban lauyan gwamnati ya janye ta, sau da yawa sallama kaɗai ake yi, ƙofa tana nan a buɗe. Ranar da aka sako naka, kafin a soma guɗa, a tambayi lauya ko magatakardan kotu wace iri ce daga cikin biyun, a kuma karɓi takardar a adana.

Sauke kaya a asibiti da bariki

Kalmar "discharge" tana da nata rassan. A asibiti sallama ce, an sauke majinyaci daga hannun likita. Amma wanda ya matsa a sallami nasa tun likita bai yarda ba, takardar da za a ba shi ya sa hannu tana cewa ya ɗauke nauyin daga kan asibiti ya ɗora wa kansa. In kuma likita ya tambayi mace ko mai ciwon kunne ko akwai "discharge", ba zancen komawa gida yake yi ba, yana tambaya ne ko wani ruwa ko mugunya na fita daga jiki. Amsar da aka bayar bisa kuskure a nan tana iya sa a ba da maganin da ba shi ba ne.

Soja da ya gama aikinsa lafiya ana ba shi takardar sallama mai wannan suna, haka ma ɗan bautar ƙasa, tun da aka kafa shirin a 1973. Jirgin ruwa yakan yi "discharge" a tashar Legas, wato ya sauke kaya, ma'anar asali ke nan ba canji. Bindiga ma takan yi, wato ta tashi. Shi ya sa muke ganin "accidental discharge" a jaridu in ana so a ce harsashi ya fita ba da nufi ba.

Daga albarushi zuwa cajin waya

Yaya aka yi kalmar kaya ta isa ga lantarki? Ta bi ta bakin bindiga ne. Maharbi yakan ɗura wa bindigarsa albarushi, Bature ya kira ɗurin nan "charge" domin kaya ne aka loda. A fagen fama kuma kalmar ta zama sukuwar mayaƙa, su auka wa abokan gāba da dukan nauyinsu. Ran 2 ga Satumba 1898, a yaƙin Umdurman na ƙasar Sudan, wata rundunar mahayan Ingila ta yi irin wannan sukuwa a kan mayaƙan Halifa Abdullahi, a cikinsu har da wani saurayin hafsa mai suna Winston Churchill. Jahin da mahaya suke yi a gaban sarki ran hawan salla, in Bature zai ba da labarinsa, kalmar nan zai ɗauko.

A wajen 1745 zuwa 1746 masana a Jamus da garin Laidin na ƙasar Holan suka gano cewa ana iya tara lantarki a cikin kwalba, wanda ya taɓa ta kuwa ta fizge shi. Benjamin Franklin na Filadelfiya a Amurka ya yi ta gwaji da irin kwalaben nan a ƙarshen shekarun 1740. Ya yi amfani da kalmomin 'yan bindiga: cika kwalbar "charge", tartsatsin da take yi in ta saki abin da ke cikinta "discharge". Da ya jera kwalabe da yawa ya haɗa su, sai ya kira su "battery", sunan jerin igwa a fagen yaƙi. Batirin tocilarka ke nan. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya ƙera batir mai ba da wuta a kai a kai. A 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙera na dalma da ruwan batir wanda ake iya sāke cikawa, kakan batirin mota. Irin na cikin waya, mai sinadarin litiyam, kamfanin Sony ne ya fara sayar da shi a 1991, masana uku da suka yi aikinsa kuma aka ba su lambar Nobel a 2019.

Abin mamaki, a nan kalmar ta wuce gona da iri. Ka ɗora cikakken batir da wanda ya mutu a kan sikeli, nauyinsu ɗaya za ka gani. Ba wani abu ake zubawa a ciki ba. Caja tana tura ƙwayoyin litiyam ne daga wannan gefen batir zuwa wancan, in kana amfani da wayar su riƙa komawa. Suna ne kawai ya rage daga zamanin kwalba da albarushi.

Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, sai ma'ana biyu suka taru a abu guda. Wani dattijo da na sani, waya ta gaya masa da Turanci ya yi "recharge", ya kai ta shagon mai caji ta kwana a jikin wuta, da safe ta sāke faɗa masa maganar jiya. Batir ya cika, kati ne babu.

Caja uku

Yaran makarantar Lahadi da suke karanta tsohon juyin Turanci na 1611, wanda ake kira King James, sukan yi turus in sun kai Matiyu sura 14. A can an ce 'yar Hirudiya ta roƙi a kawo mata kan Yahaya Maibaftisma a cikin "charger". Ba cajar waya ba ce. A Turancin wancan zamani babban faranti ne da ake lafta wa nama a kai gaban manya, abin da za mu kira akushi ko tire. A Littafin Ƙidaya sura 7 ma, shugabannin kabilu goma sha biyu kowannensu ya kawo irin farantin nan na azurfa mai nauyin shekel 130.

"Charger" na biyu dokin yaƙi ne, ingarman da ake sukuwa da shi. Dubi tambarin Nijeriya a jikin fasfo ko takardar gwamnati: baƙar garkuwa, farar alama mai rassa biyu ta kogin Kwara da Binuwai, jan gaggafa a bisa, da fararen dawakai biyu dama da hagu. Da wannan suna ake kiran dawakan nan a bayanin tambarin. Na uku ita ce wadda muke rigima a kanta da 'ya'yanmu kowace safiya. Faranti yana ɗaukar kaya, doki yana aukawa da nauyi, caja tana ɗura wuta. Keken nan ne dai.

Kayan da ake kira amana

Na bar wannan ma'ana a ƙarshe domin ita ce aka fi juyawa baibai. In aka ce wane ne "in charge", abin da ke faɗo mana a rai shi ne kujera, da hatimi, da mutane suna rusunawa. Amma kalmar ba ta ce yana bisa kaya ba, ta ce kaya yana bisansa. A ɗakin majinyata, nas ɗin da take "in charge" ita za a tambaya in wani abu ya lalace da dare. A ofishin jakadanci in jakada ba ya nan, wanda ya riƙe wurin ana kiransa da sunan Faransanci "chargé d'affaires", wato wanda aka ɗora wa al'amura.

Ɗalibai masu shirin jarrabawa su lura da wani ɗan tarko. "In charge of" da "in the charge of" ba ɗaya ba ne, ƙaramar kalmar nan "the" takan juya zancen. In an ce malama tana "in charge of" yara, ita ce mai lura da su. In an ce yara suna "in the charge of" malama, su ne a hannunta. Wanda ya musanya su ya mai da makiyayi tunkiya.

Juyin 1611 ya yi amfani da kalmar ta fuskoki dabam-dabam, mai wa'azi da ke shiri da Turanci zai fassara da Hausa kuwa dole ya bambanta su. A Ayyukan Manzanni 7:60, inda Istifanas yake roƙo domin masu jifansa, ma'anar kotu ce, kada a ɗora musu laifin. A 1 Korintiyawa 9:18, inda Bulus yake maganar yadda yake shelar bishara, ma'anar kuɗi ce, kyauta yake yi. A Zabura 91:11 ma'anar amana ce, an danƙa wa mala'iku tsaron mutum. A 2 Timoti 4:1 kuwa gargaɗi ne mai nauyi daga babba zuwa ga ƙarami. Daga wannan ta ƙarshe aka samo sunan jawabin da bishof yake yi wa majalisar dayosis a ikkilisiyar Angilikan, da gargaɗin da ake yi wa sabon fasto ran keɓewa. Ba jawabin maraba ba ne. Ana ɗora wa masu ji kaya ne a gaban shaidu.

Washegarin Lahadin nan muka raka Mama wurin wani lauya ɗan ikkilisiyarmu. Ya karanta takardar, ya faɗa mata da Hausa abin da na faɗa, ya ƙara da abin da ban sani ba, ya kuma nemi beli aka ba da yaron. Da muna fitowa ta ce, "Da na san haka, ai da ban yanka zakaran nan ba tukuna." Muka yi dariya, amma ni dai abin ya tsaya mini a rai.

'Yan'uwa, a kowace ikkilisiya akwai malamin makaranta, akwai nas, akwai ma'aikacin banki ko na kotu, akwai ɗaliban da suke jin Turanci. Akwai kuma masu ƙulle takarda a bakin zane suna jin nauyin tambaya. Wanda ya iya karatu, kada ya tsaya ga cewa "an sallame shi" ko "kuɗin banki ne kawai". Ya karanta har ƙasa, ya faɗi abin da aka ɗora da wanda aka ɗora wa, in bai gane ba ya kai mai takardar wurin wanda ya fi shi sani. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba mu hikima. Amin.